Layar Sakatare da Gonar Baba Nomau

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka sa reza aka farke mini laya a bainar jama'a, ina tsaye da hannun riga a naɗe kamar wanda ya zo karɓar allurar rigakafi. Na so in manta, Allah ya sani. Amma Madarunfa ba garin da ake barin mutum ya manta da abin kunyarsa ba ne. Ko kai ka manta, mai shayi zai tuna maka.

Ni dai karatuna bai yi nisa ba. Aji shida na yi a lakwal, makarantar boko ke nan, na faɗi jarrabawa sau biyu, malaminmu, da muke ce wa mushe, ya ce wa babana kaina ya fi dacewa da ɗaukar dami. Duk da haka na fito da rubutu da karatu, da ɗan faransancin gaisuwa da na faɗa. Da su na yi shekaru a gindin itacen bedi kusa da meri, ofishin magajin gari, ina rubuta wa mutane wasiƙa da takardar koke. Da aka kafa wata ƙungiyar manoma mai tsaya wa waɗanda ake ƙwace wa gonaki, aka duba aka rasa mai riƙe alƙalami, sai aka ce ni ne sakatare. Tun daga ranar sunana ya ɓace. Kowa Sakatare yake ce mini, har mai ɗakina in ta so tsokana.

Aikin ba na wasa ba ne. Mutum zai tashi daga wajen Gabi ko Sarkin Yamma ya tafi ci-rani Nijeriya, ya dawo ya tarar an sayar da gonarsa, har da takarda da hatimi. Mu ne muke ɗaukar bayaninsa da sunayen shaidu mu aika wa wani lauya a Maraɗi. Sunayen nan kuwa dole a ɓoye su, don masu sayen gonakin hannunsu dogo ne. Shi ya sa aka ba ni ordinatar, wato kwamfuta, aka aiko wata Madam Rakiya daga Maraɗi ta koya mana yadda ake kulle saƙo. Yarinya ce, na haife ta har da riba (wannan shi ya fara ɓata mini rai, in gaya muku gaskiya).

Bayaninta bai da wuya. Ta ce abu biyu ne. Akwai kwaɗo, wanda za ka raba wa kowa, duk mai son aiko maka saƙo da shi zai kulle. Akwai kuma makulli, yana cikin na'urarka kai kaɗai, da shi kake buɗewa, da shi kuma kake buga hatimi a kan saƙonka don lauya ya tabbata daga gare ka ne. Shi makullin ba ya aiki sai ka rubuta kalmar sirri.

"Baba Sakatare," in ji ta, "kalmomi da yawa za ka haɗa, waɗanda ba su da dangantaka da juna, kuma ba su da dangantaka da kai. Ban da sunan ɗa, ban da sunan mata, ban da sunan gari."

Na ce, "Ɗiyata, tun ba a haife ki ba nike riƙe asirin mutane."

Sannan ta buga wa kowa wata takarda, cike da baƙaƙe da lambobi a cakuɗe kamar tururuwa ta bi ta kan tawada. Ta ce wannan ita ce takardar kashe makulli. Ranar da aka sace na'ura, ko ka yi zargin wani ya san kalmarka, a ranar za a kwafe abin da ke cikinta a watsa, duk mai riƙe da kwaɗonka ya ga cewa makullin ya mutu, kada ya ƙara yarda da hatiminsa. Ta ce a ajiye ta nesa da na'urar, inda ruwa da gara ba sa kaiwa, don ko harafi ɗaya ya goge ta tashi aiki. Sau uku ta maimaita: a ranar, ba washegari ba.

To, ga inda wayona ya fara.

Ina da ɗan fari, namiji. Ruwan gulbi ya ci shi wata damina yana da shekara goma sha bakwai. Kun san al'adarmu, uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Tun ranar da liman ya raɗa masa suna har ranar da muka sa shi a ƙasa, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. "Kai yaro" nake ce masa, ko "wancan". Bayan rasuwarsa kuwa, ko a zuci sai na kewaye. Da na zauna gaban na'urar aka ce in zaɓi abin da ba wanda zai tsammata, sai na ce ai babu abin da ya kai wannan ɓuya. Abin da ni kaina ban taɓa faɗa ba, wa zai ji shi? Na rubuta addu'ar da ake yi wa mamaci, na ƙare da sunansa. Kalma uku. Madam ta ce ban da sunan ɗa, na ji ta sarai. Amma a raina na ce ita ƴaƴa masu rai take nufi.

Akwai kuma wani dalilin da ban gaya wa kowa ba sai yau. Yatsa ba baki ba ne. Da yatsa na samu hanyar kiransa kullum safe ba tare da na keta kunya ba.

Takardar kashe makulli kuwa, na yi ta juya ta a hannu kwana biyu. Ɗakina gara ta fi ni iko da shi. Akwatin mai ɗakina kowace biki sai an zazzage shi. Sai na tuna yadda kakanninmu suke adana rubutu mai daraja. Na ninke ta ƙanana ƙanana, na kai wa baduku ya ɗinke ta cikin jar fata, na ɗaura a damtse. Nesa da na'ura? Nesa. Gara za ta ci? Sai ta fara cin hannuna. Har tausayin sauran ƴan ƙungiya nake ji da suka sa tasu a cikin kaye, littafin rubutu kawai.

Idi, taubashina, wanda shi ma ɗan ƙungiya ne, ya hango ta wata rana ina alwala. Ya ce, "A'a, bawana, tsufa ya zo har an koma neman maganin farin jini? Wace bazawara ce ta ƙi ka?"

Na ce, "Wannan ilimi ne, ba na masu kan jaki ba."

Bazara biyu ta yi a hannuna, da damina biyu. Da ita na yi noma, da ita na ƙetare gulbi ruwa iya wuya.

Yanzu bari in kawo Baba Nomau, don ba don shi ba da labarin nan abin dariya ne kawai. Dattijo ne daga wani ƙauye bayan Gabi, cikin gidajen da har yau suke kan al'adar iyaye da kakanni. Yana da gona mai wata tsohuwar tsamiya a tsakiya, inda gidansu suke yanka kafin shuka tun kakan kakansa. Ƴaƴansa suna ci-rani, shi kuma ya kwanta ciwo wata uku, ya tashi ya tarar wani mai hali ya dasa duwatsun iyaka, wai ya saya daga hannun wani ɗan'uwansu. Da ƙafa ya zo Madarunfa ya same ni. Da na gama rubuta bayaninsa na ce ya dangwala yatsa, sai ya ce:

"Ni ban san takarda ba, Sakatare. Kai na sani. In ka ce ta yi, ta yi."

Muka samu shaidu biyu, da ƙyar. Lauya ya ce maganar tana da ƙarfi, aka sa ranar zama.

Saura kwana tara a zauna, na je ta'aziyya garin Ɗan Issa. Babu abin da ya haɗa ta'aziyya da ordinatar, amma na rataya jakarta na tafi da ita, don ina son a gan ni da ita (kowa da irin rawaninsa, nawa ke nan). Da azahar na ajiye ta a bakin masallaci kusa da tasha, na juya na yi alwala. Ina shafar kai na waiwaya, wuri ya yi fili.

Me ya kamata in yi? Ku da ba ku je horon ba ma kun sani. In ɗauki salula in kira Madam Rakiya kafin in sa takalmi. Amma sai na hango fuskar Idi. Na hango Farzidan, shugaban ƙungiyarmu, yana girgiza kai. Na hango ana cewa dama an faɗa, ɗan aji shida da na'ura. Sai na ce wa kaina ɓarawon tasha ne, ya riga ya ƙetara da ita Jibiya ya sayar. Ko ma ba shi ba ne, ai ba zai iya buɗewa ba. Zan nemo ta a asirce, in ta samu shi ke nan, ba wanda ya ji.

Kwana tara na yi ina wannan hauka. Na bi masu gyaran salula, na bi dillalai, har wurin mai duba na je (ya ce tana gabas, kusa da ruwa, a ƙasar nan me ba ya gabas kusa da ruwa?). Duk wanda ya tambaye ni na'ura sai in ce tana wurin gyara.

Ranar zama ta zo, muka je Maraɗi da Baba Nomau da shaidunsa biyu, ba lauya. Muka kira shi, ya ce cikin mamaki, "Ba kai ka aiko mini cewa tsohon ya janye ba? Cewa an sasanta a gida?" Ya ce saƙon da hatimina ya zo, ya duba ya ga daidai ne, shi ya sa ya shigar da takardar janyewa ya tafi wata shari'ar a Yamai. Shaidun nan biyu kuwa, a ranar muka ji cewa an riga an bi su gida an gaishe su, irin gaisuwar da ake ambaton sunayen ƴaƴan mutum ɗaya bayan ɗaya.

Har yau ban san wanda ya ɗauki jakar ba, ban kuma san hannu nawa ta bi ba. Na dai san ta isa inda ake jiranta.

Washegari aka kira taro a biron ƙungiya, ofishinmu. Mu goma sha ɗaya, da Madam Rakiya da ta zo da motar farko. Ba kuran, wutar lantarki ta ɗauke, zafi kamar a gasa gurasa. Na faɗi abin da ya faru, na rage kwanakin zuwa uku, Idi ya ce, "Tara. Ranar ta'aziyyar Ɗan Issa ce, tare muka dawo, na ga kafaɗarka ba jaka." Na ce tara.

Madam ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Abin da ya wuce sai mu ga yadda za a gyara. Amma yaya aka yi suka buɗe? Ka rubuta kalmar a wani wuri?"

Nan na samu abin tsayawa a kai, na miƙe. Na ce ban rubuta ba, ban faɗa ba, kuma duk duniya ba mai iya cankarta. Na ce abu ne da shekara ashirin da wani abu bai taɓa fita daga bakina ba. Na ce a binciki na'urorin Maraɗi, can ne ɓarakar take, ba wurina ba. Har da buga tebur.

Na dube su ɗaya ɗaya. Na ɗauka maganata ce ta kama su. Sai na lura ba wanda ke kallona, kowa ƙasa yake kallo.

Hajiya Tabawa, ma'ajiyarmu, tsohuwa ce da ta yi wa mai ɗakina wankan jego. Ita ta yi magana, a hankali.

"Sakatare, ba Salisu ba ne?"

Sunan ke nan, na kakansa da aka mayar masa ko da yake shi ne na fari. Ba sai na amsa ba.

Ta ce, "Allah jiƙan Salisu. Ko ba haka kake rubutawa ba? Ɗan nan, ai duk mun sani. Kullum za ka buɗe abin nan sai ka yi shiru, leɓenka ya motsa, ka share ido da hannun riga, ka ce hayaƙi ne. Wane hayaƙi a biro? Mun dai ƙyale ka ne don tausayi."

Idi, wanda bai taɓa barin dama ta wuce shi ba tun muna yara, ranar bai yi dariya ba. Ya ce, "Kai kaɗai ne ba ka faɗin sunan, ɗan'uwa. Matarka fa, duk unguwa Uwar Salisu ake ce mata."

Shekara ashirin da wani abu ina jin ana kiranta haka ta kan katanga. Kunnena ya ji, kaina bai taɓa haɗawa ba. Ashe abin da na ɗauka rijiya ce mai murfi, tafki ne kowa na wanka.

Madam ta bari na zauna, sannan ta ce, "To, Baba. Yanzu dai a kashe makullin kafin a sake aika wani abu da sunanka. Kwaɗonka yana hannun mutane da yawa, har waɗanda ba mu da lambarsu. Ina takardar?"

Wallahi sai na ji wani ɗan ƙarfi ya dawo mini. Ko ba komai, a nan dai na fi kowa dabara. Na tashi, na naɗe hannun riga, na nuna damtse. Wani ya ce, "Ikon Allah." Igiyar ta riga ta ci cikin fata, sai da Idi ya yanke ta. Aka kawo reza, Farzidan da kansa ya bi ɗinkin a hankali, kowa ya matso.

Wari ne ya fara fitowa. Sannan abin da ke ciki ya faɗo kan tebur: wani ɗan dunƙule baƙi-baƙi, kamar ƙullin daddawa. Gumin bazara biyu da ruwan gulbi sun yi aikinsu. Madam ta sa bakin allura tana ƙoƙarin ɓamɓare ninkin, yana marmashewa. Inda ya buɗu, basillar baduku ta huda shi a jere, tawadar kuma ta zama shuɗin girgije. Ta ɗaga wani ɗan ɓalli zuwa haske. Harafi huɗu ake gani.

Ba wanda ya yi dariya, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Da sun yi dariya da na samu wanda zan zaga. Madam ta tattara garin a kan farar takarda, ta ninke, ta miƙo mini da hannu biyu kamar mai ba da sadaka. Ta ce, "Laifina ne ni ma, da na ajiye kwafi a wani wuri." Ƙarya take yi don ta rufa mini asiri, ta ce mana mu yi hakan tun ranar farko, ni ne na ce ba na bukata.

Mako guda suka yi suna kiran mutane ɗaya ɗaya, ana aika saƙon baki har ƙauyukan da ba rezo, inda salula ba ta kamawa, ana cewa duk abin da ya zo da hatimin Sakatare kada a yarda. Ka ji yadda sunan mutum ke yawo. Makullin nan kuwa har gobe yana nan da rai a wani wuri, ba mai iya kashe shi, yana amsa sunana.

Ba a kore ni ba, ni na ajiye. Lauya ya ce za a iya sake tayar da maganar, amma sai an bi wasu hanyoyi, kuma shaidu sun ce su ba su ga komai ba. Kafin a gama bin hanyoyin ruwa ya sauka, mai halin nan ya sa aka shuka gero har gindin tsamiyar.

Sai da na yi wata guda kafin na iya zuwa wurin Baba Nomau. Na same shi a ƙofar gida yana tufka igiya. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi hanya. Na zayyana masa komai, makulli da kalma da laya. Ban san ko ya gane rabi ba. Bai daina tufka ba har na gama.

Ya ce, "Kwana nawa ka yi ba ka hwaɗi ba?"

Na ce, "Tara, Baba."

"In da ka hwaɗi ran da aka ɗauka hwa?"

Na ce, "Da ko layar ta ruɓe, da an kira lauya an gaya mishi. Da bai yarda da saƙon ba."

Ya gyaɗa kai, ya ja igiyar ya gwada ƙarfinta.

"To ɓarawo jaka ya ɗauka," in ji shi. "Gona kai ka ba da ita, don kada a yi maka dariya." Ya ɗago ya dube ni. "An yi maka dariyar?"

Na ce, "Ba a yi ba."

Ya ce, "Ka gani. Ka yi asara, na yi asara."

Da zan tafi ya sa aka ɗaura mini gyaɗa a bayan moto, babur ɗin da na zo a kai. Na ce ba zan karɓa ba, ya ce baƙo ba ya fita gidansu hannu wofi, ko wane iri ne. Wannan "ko wane iri ne" ita na ɗauko har gida, ta fi gyaɗar nauyi.

Yanzu na koma gindin bedi da alƙalamina. Wata ɗiyar Hajiya Tabawa ce sakatare, an ce kalmominta shida ne, ta buɗe littafi ido rufe ta tsinto su, ko ita ba ta san abin da ya haɗa su ba. Takardarta kwafi biyu ce, cikin kwalba, a gida biyu. Ba a tambaye ni ba.

Amma in wani zai karɓi shawara daga ɗan aji shida, ga ta. Abin da ka kasa faɗa ba shi ne abin da mutane ba su sani ba, sau da yawa ma shi ne rubuce a goshinka. In kuma ka yi ɓari, ka yi ihu tun ƙwaryar tana ƙasa tana juyi. Kunyar yini ɗaya na guje wa, na samu ta sauran kwanana, kuma ko ita ba ni na biya kuɗinta ba. Wani tsoho ne a bayan Gabi, da yake hango tsamiyar kakanninsa daga bakin hanya.